Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Ni tela ne, a Fagge ta Kano nake ɗinki, amma asalina mutumin Azare ne. Can aka binne cibiyata, can kuma na auro iyalina. Wanda ya yi shekaru yana riƙe da almakashi ya kamata a ce ya san ba a yanka yadi sai an auna. Ni kuwa na san wannan a bisa teburin ɗinki, amma ban san shi a cikin gidana ba, sai da wata tafiya ta koya mini. Labarin tafiyar nan nake so in ba ku, 'yan'uwana magidanta, don kada wani ya sake biyan kuɗin karatun da na riga na biya.

A shekarar 2017, watanmu shida da aure, aka aiko mini daga gida cewa an sa ranar auren ƙanwata, Asabar 6 ga watan Mayu. Lokacin ya faɗo cikin Sha'aban, kun kuwa san yadda jama'a kan yi rububin ɗaura aure kafin azumi ya kama. Ni ne babban wa, ni ne kuma na ɗinka kayan amarya da na ƙawayenta. Ba ni da wani buri illa in shiga gidanmu da iyalina, dangi su gan ta, su sa albarka.

Tun ana saura mako uku biki na lura ta sake. Da asuba in ta tashi sai ta yi bayan ɗaki da sauri, in ji tana kakari. Miyar kuka da take so, ko ƙanshin daddawarta ba ta iya shaƙa. In an aza albasa a mai a gidan maƙwabta sai ta toshe hanci ta shige ɗaki. Ga barci ba dare ba rana, ga yawan tofar da yawu, ba abin da ke shiga bakinta da daɗi sai goruba da kunun tsamiya. Na tambaye ta ko lafiya, ta ce, "Ba kome, Malam, zafin gari ne." Da yake bazara ce, ni ma sai na bar shi a zafin gari.

Ana jibi za mu tashi, da dare, ta durƙusa ta ce, "Malam, da za ka yi mini haƙuri, da ka tafi kai kaɗai."

Nan take zuciya ta ɗebe ni. Na ɗauka ƙyuya ce, ko kuwa wani abu ne ya shiga tsakaninta da ƙannena ba ta faɗa mini ba. Na ce, "In na je ni kaɗai, me zan ce wa Inna? Bikin gidanmu na farko tun da kika shigo, shi ne za ki ƙi zuwa?" Ta sunkuyar da kai, ba ta ƙara cewa uffan ba. Ashe abin da ke bakinta ya fi ƙarfin harshenta. Kun san kunyar cikin fari: yarinya ta gwammace ta sha wuya da ta buɗe baki ta ce wa miji ta yi ɓatan wata. Ita kunya ta hana ta faɗa, ni rashin sani ya hana ni tambaya, shi kuwa rashin sani ya fi dare duhu.

Ran Jumma'a 5 ga wata muka tashi. Da na bi ta hankali da sassafe za mu fita, amma sauran ɗinki ya riƙe ni, ba mu isa tasha ba sai bayan an sauko daga masallaci, rana tana dukan tsakar ka. Kujerun gaba duk an kama, muka sami na can baya, a bisa taya, ga jarkar fetur a ƙarƙashin ƙafafunmu. Ita kuwa tun safe ba ta sa kome a cikinta ba, wai don kada ta yi amai a mota. Da na ga tana yamutsa fuska, sai na kira wani mai tallar magani, na sayi ƙwayoyi biyu da ya ce suna tsai da amai nan take, na sa a aljihu.

Daga Kano zuwa Azare ya ɗara kilomita 200. Muka yi ta lallaɓawa har Wudil. Mota na tsayawa, masu tallar soyayyen kifi suka yo ca, kowa na tura tirensa ta taga. Ƙaurin kifin nan na bugunta, sai amai. Fasinja suka shiga tsaki, yaron mota yana mita. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na zaro ƙwayoyin nan ina cewa ta haɗiye.

Sai wata tsohuwa da ke gabanmu ta waiwayo, ta riƙe hannuna, ta ce, "Ɗan nan, iyalinka ce?"

Na ce, "I, Iya."

Ta ce, "Wata nawa ne?"

Na ce, "Wata nawa me, Iya?"

Matan da ke cikin motar suka rufe baki suna dariya. Tsohuwa ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Mai da ƙwayar nan aljihunka. Yarinyar nan laulayi take yi. Wane ne ya ce maka ana ɗauko mai laulayi da tsakar rana a aza ta bisa taya?" Ta sa aka yi musanyar wuri, ta zaunar da ita kusa da taga, ta kwance bakin zanenta ta ba ta guntun citta ta ce ta riƙa tsotsa.

Murna da tsoro suka haɗu mini wuri guda, amma tsoron ya rinjaya, gama aman bai tsaya ba. Kafin mu kai Shuwarin ko ruwa ta kurɓa sai ya dawo. Da muka wuce Jama'are leɓunanta sun bushe, idanu sun faɗa, in na yi mata magana da ƙyar take amsawa. Muka shiga Azare bayan magariba. Maimakon gidan biki, asibiti muka nufa. Aka kwantar da ita, aka sa mata ƙarin ruwa, kwananta uku a kan gado. Ran Asabar da hantsi, sa'ad da ake ɗaura auren ƙanwata, ni ina zaune bisa bencin asibiti na rafka tagumi. Bikin da na matsa sai mun je mu biyu, ko ɗayanmu bai gan shi ba. Da Inna ta zo dubiya, ta yi wa surukarta sannu, kana ta dube ni ta ce, "Kai da kake auna kafaɗun mutanen Kano, ka kāsa auna abin da ke cikin ɗakinka." Ban sami abin cewa ba.

Ranar da za a sallame mu, wata ungozoma, dattijuwa mai haƙuri, ta kira ni ofishinta. Ta ce, "Malam, zauna in koya maka lissafi." Ta riga ta tambayi iyalina ranar da ta fara ganin al'adarta ta ƙarshe, ita kuwa ta tuna, don ta dace da ranar sunan ɗan maƙwabtanmu, 4 ga Maris. Ungozoma ta ɗauko kalanda, ta aza yatsa a ranar, ta ce daga nan ake fara ƙirga, mako mako. Ciki mako 40 ne, watau kwana 280, abin da mu kan ce wata tara da 'yan kwanaki. Muka ƙirga tare: ranar ɗaurin aure cikin yana da mako 9 cif. Ta ce, "Ka gani? Da ka zauna ka zaɓi makon da ya fi kowane muni don tafiya, da wannan za ka zaɓa."

Abin da ta koya mini ran nan, da abin da na ƙara sani daga baya wajen rakiyar awo, shi ne zan tsara muku.

Laulayi yana da lokacinsa, kamar yadda damina ke da nata. Ga yawancin mata yakan fara wajen mako na 6, ya yi tsanani wajen mako na 9, kana ya riƙa sauka, kafin mako na 14 zuwa na 16 ya lafa. Akwai waɗanda yakan kai su mako na 20, akwai kuma 'yan kaɗan da ba ya sakinsu sai sun sauka. Cikin mata 10 masu ciki, wajen 7 sukan sha tashin zuciya ko amai. Turawa suna kiransa ciwon safe, amma sunan bai cika daidai ba, gama yakan zo da rana, ya zo da dare, wata ma wuni take yi da shi. Dalilin da ya sa yakan fi matsawa da asuba shi ne ciki ya kwana ba kome. Kun ga ke nan iyalina da ta ƙi cin abinci don gudun amai, kiran aman ta yi ba ta sani ba.

Laulayi ba raki ba ne, ba ƙyuya ba ce, ba kuma sammu ba ne. A shekarar 2023 masana na Jami'ar Kambirij ta Ingila, tare da abokan aikinsu na wasu ƙasashe, suka bayyana cewa babban sanadinsa wani sinadari ne da ake kira GDF15. Mabiyiya ce ke zuba shi cikin jinin uwa, shi kuwa ya je ya taɓa wurin da ke ta da amai a ƙwaƙwalwa. Jikin wata yakan jure shi, na wata ba ya jurewa. Shi ya sa za ka ga kishiyoyi biyu a gida ɗaya, wannan tana daka da cikinta, waccan ko tashi ba ta iyawa. Kada a gwada wata da wata a ce ragwanci ne.

Akwai kuma laulayi mai tsanani, wanda yakan sami mace 1 zuwa 3 cikin 100. Mai irinsa ko ruwa ba ya zama a cikinta, ta rame, jikinta ya bushe. Wannan ba na jiƙo ba ne, na asibiti ne. Alamarsa ita ce mace ta wuni ta kwana ba abin da ya tsaya mata, fitsarinta ya ragu ya yi ja, in ta miƙe jiri ya ɗebe ta. Wanda ya ga haka kada ya jira gari ya waye.

Na nuna wa ungozoma ƙwayoyin da na saya a tasha. Ta juya su, ba suna, ba takarda, ta jefa cikin kwandon shara. Watanni ukun farko su ne lokacin da ake halittar gaɓoɓin ɗa, maganin da bai dace ba kuwa yana iya yi masa illar da ba ta gyaruwa. Duniya ta riga ta ga misali. A shekarar 1957 aka fito da wani magani a Jamus mai suna talidomaid, aka riƙa ba masu laulayi a ƙasashe da yawa. Kafin a janye shi a 1961, an haifi jarirai fiye da 10,000 da naƙasa, wasu ba hannuwa, wasu ba ƙafafu. Akwai magungunan amai da likitoci suka tabbatar ba su cutar da ciki, amma a asibiti ake rubuta su, ba a tagar mota ake sayensu ba. Cittar da tsohuwar nan ta bayar kuwa, ashe ba ta yi kuskure ba: Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shawarwarin da ta fitar a 2016 game da kula da masu ciki, ta ambaci citta cikin abubuwan da ke rage tashin zuciya.

Na tambayi ungozoma abin da ya fi damuna, na ce, "Malama, girgizar motar nan ba ta taɓa cikin ba?" Ta ce in kwantar da hankalina. Tafiya a kan kanta ba ta cika jawo ɓari ba. Yawancin ɓarin farkon ciki daga halittar ɗan tayin yake, ba daga mota ba. Amma cikin watanni ukun nan ne ɓari da zubar jini suka fi aukuwa, kuma in abu ya taso, da ya same ka a daji tsakanin gari da gari gara ya same ka kusa da asibiti.

Sai ta raba mini cikin kashi uku bisa kalanda. Daga farko zuwa mako na 13, lokacin laulayi ne, a bar mace ta huta in ba tafiyar dole ba. Daga mako na 14 zuwa na 28, shi ne sararin tafiya: amai ya lafa, ƙarfi ya komo, ciki bai yi nauyi ba tukuna. Daga nan zuwa haihuwa kuwa nauyi ya zo, zama ya yi wuya, ƙafa na kumbura, naƙuda kuma ba ta sallama. Ta zana mini layi biyu, ɗaya a 10 ga Yuni, ɗaya a 16 ga Satumba, ta ce, "Duk wata tafiya da kake da ita, sa ta tsakanin layukan nan." Har yau takardar tana cikin akwatin kekena.

Saboda haka ban komo da iyalina Kano ba. Na bar ta a gidan iyayenta, na dawo ni kaɗai, na yi azumi ina cin abincin saye. Bayan Ƙaramar Salla, ciki yana mako na 16, na je na ɗauko ta. Na tarar da mutum ta murmure, har tana tambayata ko akwai daddawa a gida.

Saura tafiyar goyon ciki. Abokaina na kasuwa suka ce, "Me kake gaggawa? Bar ta sai watan haihuwa ya kama, ka kai ta. Wa zai dafa maka har wata uku?" Maganar ta so ta shige ni, gama zaman gwauro ba daɗi. Amma na buɗe akwati na dubi layi na biyu. Na kuma tuna magabatanmu a wata na bakwai suke mai da yarinya gida goyon ciki. Su ba su da kalanda, amma lissafinsu ya zo daidai da na ungozoma. Na sa ranar Asabar 9 ga Satumba, kwana takwas bayan Babbar Salla, ciki yana mako 27, cunkoson Salla kuma ya wuce.

Wannan karon tun ana saura mako guda na fara shiri. Muka je awo, aka auna jininta, aka ce ba laifi ta yi tafiya. Aka ba ta maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda akan fara ba mai ciki daga mako na 13, a riƙa maimaitawa wata wata. Na sa katin awo a jakarta, don ungozomar can ta ɗora daga inda ta nan ta tsaya. Na ɗaure gidan sauro cikin kaya. Ana gobe tafiya na je tasha na biya kuɗin gidan gaba, kujera biyu, don ta sami wurin miƙe ƙafa. Da asuba kafin ta sauko daga gado ta ci ɗan busasshen burodi, ta kurɓi shayi mai citta. Muka ɗauki ruwa gora biyu, da dabino, da gurasa, tana ci kaɗan kaɗan. Ta ɗaura bel, na ƙasa a ƙarƙashin ciki bisa ƙugu, na sama ya ratsa tsakiyar ƙirji, ba wanda ya danne cikin. Na roƙi direba, bayan awa biyu ya tsaya ta sauko ta ɗan taka, gama dogon zama yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafar mai ciki. Ƙarfe shida muka bar Kano. A Wudil ita da kanta ta miƙa hannu ta sayi kifi, muka dubi juna muka yi dariya. Kafin rana ta take muna Azare.

Hanya ɗaya ce, mace ɗaya ce, ciki ɗaya ne. Abin da ya bambanta tafiyar Mayu da ta Satumba, lissafi ne da shiri.

Mai niyyar tafiya a jirgin sama shi ma ya yi nasa lissafin tun bai yanki tikiti ba. Yawancin kamfanonin jirage sukan nemi takardar likita in ciki ya wuce mako 28, ba su kuma ɗaukar wadda ta wuce mako 36, in tagwaye ne mako 32. Hukumar Alhazai ta Nijeriya kuma takan sa a gwada mata maniyyata, wadda aka samu da ciki a dakatar da tafiyarta. Gara mutum ya san wannan tun kuɗinsa na hannunsa.

Kome kyan shiri, akwai alamun da in sun bayyana an fasa tafiya, in kuwa a hanya ne a nemi asibiti mafi kusa: zubar jini ko kaɗan ne, fashewar ruwa, ciwon mara mai tsanani, zazzaɓi, ciwon kai mai zafi tare da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, ko ɗa ya rage motsi. Wadda ke da hawan jini, ko cikin tagwaye, ko ta taɓa haihuwar bakwaini, kada ta hau doguwar hanya sai likita ya yarda.

To, 'yan'uwa, ba na cewa a yar da kunya. Kunya ado ce, da ita aka san mu. Amma maigida ba baƙo ba ne a ɗakinsa. In ka ga iyalinka ta sake, tana gudun ƙanshin girki, tana kumallo da asuba, kada ka jira sai ta faɗa, gama mai yiwuwa ba za ta iya ba. Tambaye ta a asirce, da lallashi. In kai ma nauyin bakin ya kama ka, aiki yayarka ko gwaggonka ta tambaya. Ku kuma mata, in ba za ku iya furtawa ba, ku rubuta ranar a takarda ku ajiye inda zai gani. In an san ranar, sauran duk ƙirga ne, wanda kuwa ya iya ƙirga kwanakin kasuwa ya iya ƙirga makonnin ciki. Biki da suna da gaisuwa duk ana iya aika wakili, a je daga baya a ba da haƙuri. Dangin da ka ji tsoron za su yi fushi, su ne za su fara zarginka in ka kawo musu 'yar mutane a galabaice.

A cikin watan Disamba na shekarar nan, iyalina ta sauka lafiya a Azare, aka sami 'ya mace. Ba zan faɗi sunanta ba, kun san 'yar fari ce. Ta yi wayo yanzu, tana makaranta. Duk sa'ad da za mu gida muka iso Wudil, uwarta takan saya mata kifi, ta ce, "Ci, a nan ne wata tsohuwa ta fara ba ubanki labarinki." Tsohuwar nan ban san sunanta ba, ban san garinsu ba, a Jama'are ta sauka ban ko yi mata godiya ba saboda ruɗewa. In tana raye Allah ya saka mata da alheri, in ta riga mu Allah ya ji ƙanta. Masu ciki kuma Allah ya sauke su lafiya, amin.